Injiniyoyinmu Da Tashar Jidda: Iya Gyara Daban, Iya Ciniki Daban

Duk wanda ya bi ta kudancin Jidda da sassafe ya ga jerin gwanon tireloli suna jiran shiga tashar jiragen ruwa, ya san cewa a wannan wuri akwai abinci ga mai nema. Wannan kuwa ba sabon abu ba ne, domin tun a shekara ta 26 bayan hijira Halifa Usman bin Affan ya mayar da Jidda mashigar Makka ta ruwa a maimakon Shu'aiba. Ta wannan gaɓa da yawa daga kakanninmu suka sauka bayan sun keto Sudan a ƙasa sun tsallako daga Sawakin, wasunsu kuma da dako da ƙananan sana'o'i suka ciyar da iyayenmu. Yau ga shi jikokinsu suna fitowa daga Jami'ar Sarki Abdul'aziz da kwalejojin fasaha da takardun injiniya a hannu, abin da ya isa a yi wa Allah godiya.

To amma samun takarda daban, samun aiki daban. Idan ba a manta ba, a shekarar 2020 gwamnati ta ware kashi 20 cikin ɗari na ayyukan injiniya a kamfanoni ga 'yan ƙasa, a 2024 kuma ta ɗaga zuwa kashi 25. Ga 'yan'uwanmu masu takardar ɗan ƙasa wannan ci gaba ne, ga waɗanda aka haifa a nan amma har yanzu suke kan iƙama kuwa ƙofa ce ta ƙara tsukewa. Shi ya sa a 'yan shekarun nan muke yawan jin matasa daga ɓangarorin biyu suna cewa za su buɗe nasu. Muna goyon bayan wannan tunani ɗari bisa ɗari. Abin da ke damunmu shi ne yadda ake shiga lamarin da ka.

Akwai wani ɗan'uwanmu da ya karanta injiniyan lantarki, wanda kowa ya shaida hannunsa a gyaran na'urar kwantena mai sanyi, irin wadda ake zubo nama da kaji da 'ya'yan itace a ciki. Ya tattara abin da ya tara, ya haɗa da na mahaifiyarsa, ya sayi kayan aiki masu tsada, ya kama shago. Aiki ya samu, domin wani kamfanin sufuri ya riƙa ba shi motocinsa. Sai dai kamfanin ba ya biya sai bayan watanni, alhali mai shago da mai sayar da kayan gyara da yaran aiki ba su san wannan zance ba. Kafin shekara ta zagayo an rufe shagon, yana bin kuɗi, ana bin sa. Babu injin da ya gagare shi ko ɗaya. Lissafin ranar da kuɗi za su shigo da ranar da za su fita ne ya kayar da shi, kuma wannan lissafi duk wata tsohuwa mai sayar da abinci a unguwa ta san shi.

Ita kanta kwantenar da muke gani a jibge a tasha akwai darasi a tarihinta. Wanda ya yaɗa ta a duniya, Malcom McLean na Amurka, ba injiniya ba ne, direban babbar mota ne da ya zama mai kamfanin sufuri. Shi abin da ya dame shi kawai shi ne lokaci da kuɗin da ake ɓatawa wajen sauke kaya ɗaya bayan ɗaya a bakin ruwa. A watan Afrilu na 1956 jirginsa Ideal X ya tashi daga Newark zuwa Houston ɗauke da kwantena 58, kuma kuɗin lodin tan guda ya sauko daga kusan dala 6 zuwa kimanin santi 16. Injiniyan da ya tsara masa akwatin da ƙarfen da ƙugiya ke kama shi da shi, Keith Tantlinger, gwani ne na gaske, amma gwanintarsa ta yi amfani ne saboda ta haɗu da mutumin da ya san ciwon masu kaya. Daga baya ma sai da kamfanin ya saki haƙƙin mallakar fasahar kyauta domin kowa ya ƙera iri ɗaya, a nan ne kasuwar ta buɗe.

Saboda haka tambayar farko da ya kamata matashin injiniya ya yi wa kansa ita ce: wane ne zai biya ni, kuma wace asara nake tsare masa? Mai kwantenar nama bai damu da sunan na'urar da ka yi awo da ita ba. Abin da yake so ya ji shi ne, idan sanyi ya ɗauke da ƙarfe biyun dare za ka ɗaga waya ka iso cikin awa ɗaya, kafin kayansa su lalace, kafin kuma kuɗin ardiyya su hau kansa. Wanda ya iya faɗin wannan da harshen da ɗan kasuwa ke ganewa ya riga ya yi rabin talla. Abin takaici, wasu daga cikin 'yan bokonmu suna ganin zuwa ofishin mukhallis ko garejin tireloli a gabatar da kai kamar zubar da girma ne, sai su zauna a shago suna jiran aiki ya zo da ƙafarsa.

Haka nan batun farashi. Injiniya yakan lissafa kuɗin kaya da ladan hannunsa ya ce shi ke nan, ya manta da haya da mai da inshora da kuma harajin kaya, wanda ya fara da kashi 5 a watan Janairun 2018 ya koma kashi 15 a watan Yulin 2020. Wanda cinikinsa ya wuce riyal 375,000 a shekara dole ne ya yi rajistar wannan haraji, kuma tun Disambar 2021 rasit na hannu ya daina wadatarwa, sai na na'ura. Wanda kuma zai shigo da kayan gyara daga waje sai ya san Fasah da Saber kafin jirgi ya iso.

A nan tilas mu ja kunne da babbar murya a kan tasattur, wato mai iƙama ya zuba jarinsa a mu'assasar da ke ɗauke da sunan ɗan ƙasa. Mun san abu ne da aka daɗe ana yi, har ma tsakanin dangi, amma dokar da aka yi a 2020 ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 5 da tarar da za ta iya kai riyal miliyan 5. Ko ba a kama mutum ba, ranar da aka ɓata ba shi da takardar da zai nuna a ko'ina. Wanda ba ɗan ƙasa ba ya bi ta Ma'aikatar Zuba Jari, in ƙarfinsa bai kai ba ya yi haƙuri ya ci gaba da aikin albashi yana tarawa. Masu takardar ɗan ƙasa kuwa ga hukumar Monsha'at da aka kafa a 2016 domin ƙananan masana'antu, kuma tana da cibiya a nan Jidda.

Wani abin lura kuma, kada a jingina da mutum ɗaya ko hanya ɗaya. Rusau ɗin da aka fara a ƙarshen 2021 a unguwanni irin su Gulail da Betromin da Karantina ya warwatsa masu shaguna da abokan cinikinsu. Daga Nuwambar 2023 kuma hare-haren da aka kai wa jirage a Bahar Maliya suka sa manyan kamfanoni suka koma zagayawa ta ƙarshen Afirka, masu cin abinci a bakin tasha suka ji a jikinsu. Duk da haka a Agustan 2024 kamfanin Maersk ya buɗe katafaren wurin ajiya da rarraba kaya a cikin tashar, har da ɗakunan sanyi. Irin waɗannan wurare kullum suna bukatar mai gyara, amma suna tambayar rajista da inshora kafin su tambayi gwaninta.

Ilimin cinikin da muke magana a kai yana nan a gidajenmu. Aliko Ɗangote ya fara ne a 1977 da saye da sayarwa, da jarin da kawunsa ya ba shi rance, ya shafe shekaru yana shigo da sukari da shinkafa da siminti kafin ya gina masana'anta, wato sai da ya san masu saye tukuna. Muna da dattawa a Jidda da Makka waɗanda ba su taɓa shiga aji ba amma sun shekara talatin suna hulɗa da 'yan kwastan da dillalai da alhazai. Roƙonmu gare su shi ne kowannensu ya ɗauki injiniya ɗaya daga cikin yaranmu ya zaunar da shi a shagonsa ko da na wata shida, ya nuna masa littafin bashi da yadda ake karɓo kuɗi ba tare da an ɓata ba. Mu kuma a ɓangaren matasa za mu tattara sunayen masu son zuwa, mu kai wa dattawan da kanmu bayan sallar Juma'a.