Jif ta miliyoyi, jak na Corolla: wa ake so a kashe?

A tsayar da manyan jif-jif ɗin da ke zirga-zirga tsakanin Abuja da Kano a buɗe bayansu, za a ga abin kunya. Mutum ya zuba miliyoyin naira a mota, ya sa mata baƙin gilashi, ya sauya fitilu, har turaren da za a rataya a madubi sai da ya zaɓa da kansa, amma kusa da sufana sai ka tarar da wani tsamurarren jak mai siffar almakashi wanda aka ƙera domin Corolla. A wata motar ma babu shi sam. Idan ka yi magana a ce maka ai Allah ne ke tsarewa. Haka ne, Allah ke tsarewa, amma ban ga an bar wa Allah zaɓen gilashi da fitilu ba.

Na san dalilin wannan sakaci, kuma shi ya fi ƙona mini rai. Mai motar ba shi ne zai durƙusa a gefen kwalta ba. Ranar da taya ta fashe, Alhaji zai koma gefe da waya a kunne, yana duba agogo, yana cewa, "Kai, yi sauri mana, ka san hanyar nan ba kyau." Direba ne zai tura hannu da kafaɗa ƙarƙashin ƙarfe, tireloli na wucewa iskarsu na girgiza motar, shi kuwa ba shi da bakin cewa, "Ranka ya daɗe, jak ɗin nan ba zai iya ba." Yana tsoron a ce ya cika ƙorafi, gobe a nemi wani.

Ga lissafin da ba a son yi. Corolla nauyinta bai wuce kilo 1,300 da 'yan kai ba, jak ɗin almakashi da ke zuwa da irinta kuma yawanci tan 1 ne zuwa tan 1 da rabi aka rubuta a jikinsa. Land Cruiser ƙirar 200, wadda ake ce wa V8, ta haura kilo 2,500 tun babu kowa a cikinta, kuma da mutane da kaya an yarda ta kai wajen kilo 3,300. Lexus LX 570 ma gidansu ɗaya. Prado ta fi su sauƙi, amma ita ma ta wuce tan 2. Wadda aka yi wa sulken hana harsashi kuwa, ƙarin da aka ɗora mata kan kai tan guda ko fiye, kuma ko jak ɗin da kamfani ya haɗo ta da shi ba a auna shi da wannan ƙarin ba.

Wani mai wayo zai ce ai jak ba motar gaba ɗaya yake ɗagawa ba, kusurwa ɗaya ce. Gaskiya ne. To amma wace kusurwa, kuma a wane irin wuri? Motar da aka cika bayanta da buhunan shinkafa da jarkoki za a gida hutun sallah, nauyinta ba a rabe yake daidai ba. Gefen titi kuma a karkace yake, nauyin sai ya kwanto ɓangaren da ya fi ƙasa. Jak ɗin almakashi siriri ne, gindinsa ƙanƙane, da zarar nauyi ya zo masa ta gefe sai ya lanƙwashe, kuma ba ya sallama kafin ya yi hakan. A ganina duk mai babbar jif kada ya sauka ƙasa da jak mai tan 3, kuma mai tan 4 zuwa 6 ya fi kwanciyar hankali, musamman da yake ba kowace lamba da aka buga a jikin kayan araha ce abin yarda ba.

Abin takaicin, kamfanonin da suka ƙera motocin nan ba su yi rowa ba. Land Cruiser tana fitowa da nata jak mai siffar kwalba wanda ake juyawa da hannu, an auna ƙarfinsa da tsayinsa daidai da ita. Wanda nasa yake nan lafiya ya riƙe shi, ya riƙa shafa masa giris. Matsalar ita ce yawancin motocinmu na hannu ne, 'yan Kwatano, kuma kafin su iso hannun mai saye na asalin ya yi ɓatan dabo. Dillali sai ya tsinto duk wanda ya samu ya jefa a ciki don a ga akwai. Mai saye kuwa ya duba injin, ya duba sanyin iska, ya duba kiɗa, ya biya.

Sai batun da ko masu sayen jak mai ƙarfi suke mantawa: tsayi. Jak yana da tsayi biyu, na lokacin da yake a zaune da na lokacin da ya miƙe iyakarsa, kuma dukansu sai sun dace da motar. Ɗauki tayar da V8 ta saba zuwa da ita, mai lamba 285/60 R18. Tsayin robar daga bakin ƙarfe zuwa ƙasa milimita 171 ne. Idan iska ta fita gaba ɗaya, wannan ɓangaren na motar zai sauka da mafi yawan wannan tsayi. Kenan ƙaton jak mai tan 10 da aka saya don burga, wanda yake shiga ƙarƙashin motar a gida lokacin da taya ke cike, yana iya ƙin shiga ranar da aka fi bukatarsa. A ɗaya gefen kuma, sai jak ya ɗaga motar har sabuwar taya mai iska ta samu wurin shiga. Jif ƙafafunta suna da nisan saki: in ka sa jak a shasi, jikin motar zai yi ta hawa taya na nan manne da ƙasa, har jak ya ƙure. A nan ne ake ganin direba ya ɗauko bulo ya ɗora jak a kai. Bulon siminti yana fashewa farat ɗaya. Shi ya sa littafin motar yake nuna wuraren da aka tanada, a baya galibi ƙarƙashin ƙarfen da ya haɗa tayoyin biyu, inda ɗagawa kaɗan ta isa. Wanda ya soka jak a ƙarƙashin matakalar ƙofa ko tankin mai, shi da bakanike.

Domin tafiya, jak ɗin kwalba mai aiki da mai shi ya fi dacewa: gajere, mai ƙarfi, ba ya cin wuri, wasu ma suna da kan da ake warwarewa a ƙara tsayi. Aibinsa guda, idan robar cikinsa ta tsufa yana yoyo, ya riƙa sauka a hankali da mota a kansa, don haka a ajiye shi a tsaye kuma a riƙa gwada shi. Dogon nan mai ƙafafu da masu faci ke ja ya fi kowanne sauƙin aiki, amma siminti yake so. Dole ya ɗan gangara yayin da yake ɗagawa, in ƙafafunsa suka nutse a yashi sai ya janyo motar ya zame. Shi kuwa Hi-Lift, dogon ƙarfen da wasu ke ɗaurawa a saman mota don ado, an yi shi ne domin ciro mota daga laka, yana bukatar bamba ta ƙarfe, kuma hannunsa in ya kufce yana iya fasa wa mutum haƙora. Ba abin ba wa wanda bai koya ba ne.

Duk ƙarfin jak, ƙasar da ya taka ita ce gindinsa. Gefen hanyoyinmu yashi ne da jar ƙasa, da damina kuma taɓo. Katako mai kauri da faɗi, wanda kafinta zai yanko maka da kuɗin da bai kai na tsiren maraice ba, shi zai hana jak nutsewa. A nemi wuri shimfiɗaɗɗe nesa da kwana, ko da za a ja motar a hankali a kan tayar da ta sace. A sauke kowa daga ciki. A ja birkin hannu, a tuna tayoyin baya kaɗai yake riƙewa, don haka a sa weji a tayar da ke kusurwar da ke kallon wadda za a cire. Notuna ana sassauta su ne tun mota na ƙasa, ana kuma ƙarasa ɗaure su bayan ta sauka, domin tsalle a kan sufana mota na sama shi ke ture jak. Tayar da ba ta jikin mota a kwantar da ita ƙarƙashin shasi, in abu ya faru ta tare. Kuma kada wani mahaluki ya shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita, komai ƙarfinsa.

Masu shagunan kayan gyara ku ma da naku laifin. Mutum ya zo ya ce jak yake so, ba ku tambaye shi wace mota ba, sai "zai ɗauka, Alhaji, wallahi zai ɗauka." Ku ji tsoron Allah. Rantsuwarku ba ta ƙara wa ƙarfe kauri.

Tankin V8 yana cin lita 93, wasu ma fiye. Kuɗin cika shi sau ɗaya ya isa ya sayi jak mai kyau da katako da weji, har da canji. Alhaji, Hajiya, kafin tafiya ta gaba ku sa a fito da motar tsakar gida, a sace iskar taya ɗaya, a ba direba jak ɗin da ke ciki ya canza ta kuna tsaye kuna kallo. In bai shiga ba, ko bai ɗaga ba, ko kuka ga ya fara karkacewa, ku aika kasuwar Ƙofar Ruwa ko Panteka a sayo wani tun motar ba ta bar gida ba.