Kafin A Mai Da Gida Kanti

'Yan'uwa, mukan ga maigida ya fasa katangar gidansa ya buɗe kanti ko ya kafa injin niƙa, bai tambayi kowa ba. Mu yi hattara. Bisa ga Dokar Filaye ta 1978, Gwamna ke kula da filayen birni, ƙaramar hukuma kuwa na ƙauye. Takardar fili takan faɗi abin da aka ba da shi dominsa, wanda ya saɓa kuwa ana iya ƙwace filinsa. Saboda haka mutumin garin Kazaure ya rubuta wa Ma'aikatar Filaye a Dutse roƙon canji, ya jira amsa. Na ƙauyukan Roni, Gwiwa da Babura su fara da ƙaramar hukumarsu. Mu kuma shawarci maƙwabta, gama su za su sha ƙarar injin.