KURA DA SHAN BUGU, GARDI DA KARƁAR KUƊI: DARASI DAGA 'YAN KWANGILAR BIRTANIYA

Yau alƙalaminmu zai tsallaka teku zuwa Birtaniya, ba don sha'awar labarin Turawa ba, sai don samarinmu da dama suna can, wasu aikin asibiti da kula da tsofaffi, wasu aikin kwamfuta, wasu kuma suna nan gida suna haramar tafiya. Da yawa ba aikin dindindin suke samu ba, sai kwangilar wata uku ko shida ta hannun dillalan aiki. Ranar da mutum ya samu irin wannan aiki, tambayar farko da za a yi masa ita ce: ta wace hanya za a biya ka? To a kan wannan 'yar tambaya dubban mutane suka afka ramin da har yau ba su fita ba.

Bari mu faro daga tushe. A Birtaniya, ma'aikacin da aka ɗauka aiki ana yanke masa harajin albashi da kuɗin inshorar ƙasa tun kafin kuɗin su shigo hannunsa, shi ma uban gidansa yana biyan nasa kason inshorar, wanda aka kai kashi 15 cikin ɗari a Afrilun 2025. Amma ribar hannun jari ba a biyan kuɗin inshora a kanta. Shi ya sa mutum zai ajiye aiki ranar Juma'a, ya yi rajistar ɗan kamfaninsa, ranar Litinin ya dawo kan kujerarsa ta jiya da sunan ɗan kwangila, ya yanka wa kansa ɗan albashi kaɗan, sauran ya kwashe da sunan riba. Don toshe wannan ƙofa ne Ministan Kuɗi Gordon Brown ya kawo dokar da ake kira IR35, wadda aka sanar a 1999, ta fara aiki a Afrilun 2000. Abin da dokar ke cewa a taƙaice shi ne, in da za a cire kamfanin daga tsakani a ga kai ma'aikaci ne zalla, to harajin ma'aikaci za ka biya.

Tsoron binciken wannan doka shi ya buɗe wa 'yan dabara kasuwa. Suka ce wa jama'a: me zai kai ka wahalar riƙe kamfani da lissafi? Zo mu sa ka a kamfanin haɗaka. Wato a tara mutane goma zuwa ashirin waɗanda ba su ma san juna ba, a ba kowa irin nasa hannun jarin, a biya shi albashi mafi ƙanƙanta da doka ta yarda, sauran a ba shi a matsayin riba, mai dabara kuma ya yanki ladarsa duk mako. In masu haraji suka zo, sai su tarar da kamfanin ba shi da ko tsinke, an rufe shi, an kwashe mutanen zuwa wani sabo. A wancan lokaci muhawarar 'yan kwangila ke nan: a shiga haɗaka a ɓuya cikin taro, ko a buɗe kamfanin kai a fuskanci mai bincike ido da ido?

Ba a je ko'ina ba gwamnati ta raba gardamar. Daga 6 ga Afrilun 2007 doka ta ce duk kamfanin da wani mai dabara ke juyawa a madadin ma'aikaci, kuɗin da ma'aikacin ya karɓa albashi ne, sunan riba bai canza komai ba. Ta kuma ƙara da cewa in kamfanin ya kasa biya, ana iya ɗora bashin a wuyan daraktansa da wanda ya shirya dabarar. Nan take kasuwar haɗaka ta watse. Amma 'yan dabara ba su tuba ba, riga kawai suka sake.

Sabuwar rigar ita ce ta bashi. Sai a ce maka kashi 80 ko 90 na kuɗinka zai shigo aljihunka. Ta yaya? A tura ladan aikinka wata asusun amana a wajen ƙasa, sau da yawa a tsibirin Man, daga can a turo maka da sunan rance, rancen da kowa ya san ba za a biya ba, tunda ba a biyan haraji a kan rance. Ɗan'uwa, tsaya ka yi tunani. Ka yi gumi wata guda, sannan a sa ka sa hannu cewa haƙƙin guminka bashi ne aka ba ka. Wane mai hankali ne zai yarda a mayar da shi mabaraci a kan kuɗinsa? Amma kwaɗayi mabuɗin wahala. Har ƙungiyar ƙwallon Rangers ta Gilasgo ta biya 'yan wasanta ta irin wannan hanya, kuma a Yulin 2017 Kotun Ƙolin Birtaniya ta yanke cewa kuɗin albashi ne, dole a biya haraji.

Sai guduma ta sauko. Majalisa ta kafa harajin bashi, wanda ya fara aiki 5 ga Afrilun 2019, aka ce a tattara duk rancen da mutum bai biya ba tun daga 1999 a lissafa shi kamar a shekara ɗaya ya same shi. Kimanin mutum 50,000 abin ya shafa, kuma ba masu kuɗi kaɗai ba, har da ma'aikatan jinya da na jin daɗin jama'a waɗanda dillalan aiki suka tura cikin dabarar. Da kuka ya yi yawa, binciken Sir Amyas Morse na Disambar 2019 ya sa aka taƙaita abin zuwa rancen da aka karɓa daga 9 ga Disambar 2010. Duk da haka hukumar haraji ta HMRC da kanta ta tabbatar da mutum 10 da suka kashe kansu cikin waɗanda take bi. A Janairun 2025 sai da gwamnati ta sake kafa wani binciken ƙarƙashin Ray McCann. To ina waɗanda suka sayar da dabarar, suka kwashi lada shekara da shekaru? Ba su aka kai wa takardar bashin ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Wani zai ce, ai ke nan waɗanda suka buɗe kamfanin kansu su suka tsira. Ba kai tsaye ba. Kamfanin kai halas ne a doka, kuma shi ya dace da wanda sana'arsa ta kansa ce da gaske. Amma takardar rajista ba laya ba ce. Abin da mai bincike zai duba shi ne yadda aikin yake a zahiri: wa ke faɗa maka abin da za ka yi da yadda za ka yi shi? Kana da ikon tura wani ya yi a madadinka? In aiki ya ɓaci, aljihun wa zai ji? Daga Afrilun 2017 a ma'aikatun gwamnati, da Afrilun 2021 a manya da matsakaitan kamfanoni, wanda ya ba ka aikin ne ke yanke hukuncin ko dokar IR35 ta hau kanka. Sannan a 2019 Kotun Ɗaukaka Ƙara, a shari'ar Christianuyi, ta tabbatar da cewa ko da kai kaɗai ne mai kamfanin, in wani ne ke juya maka shi yana tsara yadda za a biya ka, dokar 2007 ta kama ka. A 2022 ma hukumar ta bi 'yan kwangila masu yawa da wannan doka saboda kamfanonin akantocin da suke hulɗa da su.

Ra'ayinmu a nan a fili yake. Tambayar "wace hanya ce mai bincike ba zai gan ni ba" tun farko karkatacciya ce. Tambayar da ta dace ita ce: mene ne gaskiyar aikina? In kai ma'aikaci ne mai shugaba a kansa, karɓi albashi a yanke harajinka, ko kai tsaye ko ta kamfanin laima mai tsabta, wato wanda ke ɗaukar ka aiki ya yanke komai kafin ya biya ka. In kuwa sana'arka ce, kana da abokan ciniki kana ɗaukar asara, buɗe kamfaninka ka riƙe linzaminsa da hannunka. Ba muna wanke gwamnatin Birtaniya ba ne. Hukumar da ta bar ana tallar waɗannan dabaru shekara da shekaru, sannan ta waiwayo ta shaƙe ƙaramin ma'aikaci ta bar dillali yana yawo, ba ta yi adalci ba. Sai a kasafin kuɗin 2024 aka sanar da cewa daga Afrilun 2026 za a riƙa kama dillalan aiki da harajin da kamfanin laima ya ƙi biya. Amma rashin adalcin hukuma ba zai biya maka bashinka ba.

Don haka ga nasiha, ga wanda ke can da mai shirin tafiya. Na farko, duk wanda ya yi maka alkawarin kashi 80 ko fiye na kuɗinka alhali abokin aikinka ba ya samun haka, guje shi, banza ba ta kai zomo kasuwa. Na biyu, karanta takardar albashinka. In ka ga kuɗin da ya shiga banki ya fi wanda aka rubuta, ko ana biyan ka kashi biyu, ko ka ga kalmar rance, to akwai lauje cikin naɗi. Na uku, tun 2022 HMRC ke wallafa sunayen dabarun da take gargaɗi a kansu, duba kafin ka sa hannu. Na huɗu, adana takardunka, domin hukumar na iya komawa baya shekara 4, ko 6 in an yi sakaci, ko 20 in da gangan ne. Na biyar, ɗalibi ya sani bizar karatu ba ta yarda da sana'ar kai ba sam, kada wani ya ruɗe ka da buɗe kamfani ka rasa zamanka gaba ɗaya.

Ɗan'uwa, iyaye da ƙanne na jiran abin da za ka aiko, mun sani. Amma gara fam ɗari da za ka yi barci a kansa da fam ɗari biyu da za a zo nema bayan shekara goma, da ruwa a kai. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. Wanda ya karanta ya isar wa wanda ke can. Wassalam.