Idan Ƙafa Ta Sandare: Abin Da Za Ki Fara Dubawa



Yau za mu duba cutar da likitoci ke kira MS, wadda garkuwar jiki ke juyowa ta cinye rigar da ta lulluɓe jijiyoyin ƙwaƙwalwa da laka. Ba ta da yawa a ƙasarmu, amma ta fi kama mata, galibi 'yan shekara 20 zuwa 40. Saƙon ƙwaƙwalwa ba ya isa ga tsoka daidai, sai ƙafa ta sandare kamar icce, ko ta riƙa fizga da kanta cikin dare. Wannan ba iskokai ba ne, ba kuma raki ba.

Idan kina jinyar mai wannan lalura kika ga sandarewar ta ƙaru farat ɗaya, ki nemi abin da ya tsokano ta. Sau da yawa ciwon sanyin mafitsara ne, ko taurin bayan gida, ko gyambon kwanciya, ko zazzaɓin cizon sauro, wanda mu mazauna bakin fadamar Haɗejiya muka fi kowa sani. Zafin Afrilu ma yana tayar da alamomin cutar, don haka a zaunar da ita a inuwa, a riƙa jiƙa mata zane da ruwan randa.

Kullum ki miƙar mata da ƙafar a hankali, ki riƙe kamar daƙiƙa 30, sannan ki saki. Ban da finciko, ban da kai ta wurin mai ɗori. Ma'aikatan sashen gashi su ne za su koya miki yadda ake yi.

Sai batun magani. Akan rubuta baklofen don sassauta tsoka, kuma daina shan sa kwatsam na iya jawo farfaɗiya da ruɗewa. Kin tuna yadda ambaliyar 2022 ta yanke hanyoyi a Haɗejiya da Auyo da Kafin Hausa. Kafin Agusta ta kama, ki roƙi likita ya rubuta wanda zai kai ku ƙarshen damina.

Wadda ba a gano ciwonta ba tukuna, a fara da Babban Asibitin Haɗejiya, a nemi takardar turawa zuwa Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, inda likitocin jijiya suke.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi. Sai mako mai zuwa.