RA'AYINMU: Mai Son Barin Sigarin Lantarki Ya Fara Sanin Kwanakin Wahalarsa

Wata sabuwar taba ta shigo hannun samarinmu mazauna Kurmi, wadda ba a kunna ta da ashana, ba ta barin toka, ba ta kuma da warin da zai tona asirin mai shanta. Ita ce sigarin lantarki, watau ɗan abin nan mai kama da alƙalami ko ƙaramar tocila da a ke gani a bakin samari a nan Ikko, da Badun, da Shagamu, har Fatakwal. Wasu sun fara zuƙarsa ne da wasa a cikin abokai, wasu kuwa sun kama shi da niyyar rabuwa da karan sigari. Yanzu akwai da dama da su ke son su ajiye shi, sun gwada sau ɗaya sau biyu abin ya faskara, har sun fara zaton ko jikinsu ba zai ƙara zama lafiya ba sai da shi. Saboda waɗannan mu ke wannan magana yau. Ra'ayinmu shi ne, lalle barin wannan abu akwai wahala, amma wahalar tana da iyaka, kwanakinta ƙidayayyu ne, kuma wanda ya san lissafinsu tun kafin ya fara shi ne ya fi kusa da cin nasara.

Da farko ya kamata mai karatu ya san abin da ke hannunsa. Wani mai haɗa magunguna ɗan ƙasar Sin, mai suna Hon Lik, shi ne ya ƙago irin wannan sigari a cikin 2003. A cikinsa akwai batir, da wata 'yar waya da ke yin zafi, da wani ruwa mai kauri wanda aka zuba wa ƙamshin mangwaro ko kankana ko na'ana'a. In an zuƙa sai wayar ta dafa ruwan ya zama tururi ya shiga huhu. A cikin ruwan nan ne a ke sa nikotin, wato sinadarin da ke cikin ganyen taba, wanda shi ne ke ɗaure mai shan sigari. Ƙamshin 'ya'yan itacen ba kome ba ne illa abin da zai sa maƙogwaro ya karɓi nikotin ɗin ba tare da tari ba.

Yawan nikotin ɗin kuwa ba na wasa ba ne. A Ingila da ƙasashen Tarayyar Turai doka ta hana a wuce miligiram 20 a cikin kowane mililita na ruwan, watau kashi 2 cikin ɗari. Amma da yawa daga cikin waɗanda a ke kaiwa wasu ƙasashe za ka ga an rubuta kashi 5 cikin ɗari a jikin kwalinsu, fiye da ninki biyu ke nan. Kamfanin Juul na Amurka da bakinsa ya ce ɗan ƙoƙon ruwansa guda mai kashi 5 ya yi daidai da kwalin sigari mai kara 20. Daɗin daɗawa, karan sigari yana ƙarewa a yar da guntunsa, mutum ya san adadin da ya sha. Shi kuwa wannan ba ya nuna iyaka. Ana zuƙarsa a kan gado, a bakin ƙofar gadi, a cikin mota, har mutum ya wuni yana ɗura wa kansa nikotin bai san yawan abin da ya shiga jikinsa ba.

Abin ya wuce na ƙasa guda. A cikin 2025 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da lissafin cewa masu zuƙar sigarin lantarki a duniya sun haura miliyan 100, kuma aƙalla miliyan 15 daga cikinsu yara ne 'yan shekara 13 zuwa 15. Indiya ta haramta shi gaba ɗaya tun 2019. Ingila ta hana sayar da irin wanda a ke yarwa in ya ƙare tun daga ran 1 ga Yuni, 2025. Abin da ya fi damun likitoci shi ne ƙwaƙwalwar ɗan Adam ba ta gama ginuwa sai wajen shekara 25, saboda haka nikotin ya fi saurin kama saurayi fiye da dattijo.

Sai dai akwai wata gaskiya da ba za mu ɓoye ba. Hukumar lafiya ta Ingila tana cewa sigarin lantarki bai kai karan sigari lahani ba, domin hayaƙin ganye mai ƙonewa shi ne ke ɗauke da kwalta da yawancin gubar da ke kawo ciwon daji, har ma tana ba manya masu shan sigari shawarar su yi amfani da shi don su bar na ganye. Wannan ba ya nufin ba shi da illa, kuma ita kanta hukumar tana cewa wanda ba ya shan taba kada ya fara shi. Abin da za a ɗauka a nan shi ne, wanda ya ajiye na lantarki ya koma wa karan sigari, ko shisha, ko tabar gari ta shaƙawa ko ta ƙunsawa a baki, to tsugune ba ta ƙare ba, an sayar da kare an sayi biri. Abin da a ke so a rabu da shi shi ne nikotin, ko ta wace ƙofa ya biyo.

To, me ya sa barinsa ke da wuya? In mutum ya zuƙa, nikotin kan isa ƙwaƙwalwa cikin ɗan ƙanƙanen lokaci, ya sa ta saki wani sinadari mai suna dofamin, wanda shi ne ke sa a ji daɗi da natsuwa. Yau da gobe sai ƙwaƙwalwar ta gyara zamanta bisa ga wannan baƙo, ta riƙa jiransa. Shi kuma ba ya daɗewa a cikin jini, bayan kamar awa biyu rabinsa ya fita. Da ya ragu sai ƙawa ta taso, sai a sake zuƙa. Saboda haka yawancin natsuwar da mai sha ke ji maganin damuwar da rashin nikotin ɗin ya haddasa ne. Hausawa sun ce sabo turken wawa, amma wannan turke har mai wayo yana ɗaurewa, domin a cikin jiki aka kafa shi.

Ga lissafin kwanakin kamar yadda likitoci su ka san shi. Wahalar kan fara tsakanin awa 4 zuwa 24 bayan zuƙar ƙarshe. Ta kan kai matuƙarta a rana ta biyu da ta uku. A nan ne mutum zai ji fushi babu dalili, da rashin sukuni, da kasa tara hankali wuri guda, da rashin barci, da ciwon kai, da yunwa mai yawa, wani ma har da taurin bayan gida da baƙin ciki. Bayan makon farko sai abin ya fara sassautawa, kuma ga yawancin mutane tsakanin mako biyu zuwa huɗu mafi yawan waɗannan sun wuce. Abin da kan daɗe shi ne yawan ci, da kuma ƙawa mai zuwa jefi-jefi har bayan watanni. Kada wanda ya ji waɗannan alamu ya ɗauka jifa aka yi masa ko wata muguwar cuta ce ta kama shi. Wahalar yaye ce, irin ta yaron da aka cire daga nono, ya yi kwanaki yana rigima sa'an nan ya kama cin tuwo. Duk mai shan taba da ya taɓa yin azumi ya san ɗanɗanonta da la'asar, ya kuma san ya kan kai magariba lafiya lau.

Sanin wannan lissafi yana da amfani musamman ga mutanenmu, domin yawancinmu da hankali da haƙuri mu ke cin abinci a nan Kurmi. Direban da zai ɗauki babbar mota daga Apapa zuwa Kano, da mai gadin da zai kwana ido biyu, da ɗan canjin da ke ƙirga kuɗin jama'a, da mai tumatir a kasuwar Mile 12 da zai wuni yana ciniki da abokan hulɗa, bai kamata rana ta biyu da ta uku su riske su a tsakiyar aiki mai nauyi ba. Mutum ya zaɓi ranar da zai daina tun da wuri, ya daidaita ta da ranakun da aiki ya yi sauƙi. A daren ranar ya fitar da abin daga ɗakinsa, da ruwansa da wayar cajinsa duka, kada ya ce zai ɓoye guda a ƙasan akwati saboda tsaro.

Ita ƙawa in ta taso ba ta zama. Mintoci kaɗan ta ke yi, ta hau ta sauka, ko an zuƙa ko ba a zuƙa ba. Aikin mutum shi ne ya cika mintocin nan da wani abu: ya sha ruwa a hankali, ya ja numfashi mai tsawo, ya tashi ya taka, ya sa asuwaki a baki domin hannu da baki sun saba da aiki. Ya kuma lura da lokutan da ya saba zuƙa, ko bayan cin abinci ne, ko a teburin mai shayi, ko sa'ad da ya ke duba waya da dare, ya canza tsarinsu na 'yan makonni. Goro da shayi mai kauri ba laifi da rana, amma a rage su da yamma, domin suna ƙara hana barcin da dama ya riga ya yi wuya. Yunwa kuma a tare ta da gyaɗa da lemo da kokwamba maimakon kayan zaƙi.

Wanda ya ga ba zai iya yankewa lokaci guda ba yana iya saukowa mataki-mataki, daga ruwa mai nikotin da yawa zuwa mai kaɗan, yana kuma tsawaita lokacin da ke tsakanin zuƙa da zuƙa, amma da sharaɗin ya sa wa kansa ranar ƙarshe. Haka nan akwai magunguna. Akwai cingam na nikotin mai miligiram 2 ko 4, wanda a ke tauna shi kaɗan sa'an nan a ajiye shi a gefen kunci, da kuma filasta da a ke mannawa a fata, tana sakin nikotin a hankali ana rage ƙarfinta mataki-mataki. Akwai kuma ƙwaya mai suna bareniklin wadda sai likita ke rubuta ta. A cikin 2025 likitoci a birnin Boston na Amurka sun ba da sakamakon gwajin da su ka yi mata a kan matasa masu zuƙar sigarin lantarki 'yan shekara 16 zuwa 25, aka samu kashi 51 cikin ɗari na waɗanda su ka sha ta sun daina, alhali a cikin waɗanda aka ba ƙwayar da babu magani a cikinta kashi 14 ne kurum. Mai ciwon zuciya, da mace mai ciki, da wanda baƙin cikinsa ya yi tsanani ko ya ƙi wucewa, su nemi likita kafin kome. Asibitin Koyarwa na Idi-Araba, da na Yaba, da na Aro a Abekuta, da Asibitin Jami'a na Badun, duk akwai likitocin da su ka san wannan aiki. Muna kuma jan kunne da babbar murya, kada wani ya nemi sauƙi wajen tiramol ko maganin tari mai kodin ko ƙwayar barci ta kan tebur, domin wannan gudun gara ne a faɗa gidan zago.

In mutum ya yi sati biyu sa'an nan ya zame ya zuƙa, kada ya ce shi ke nan aiki ya ɓaci. Mafi yawan waɗanda su ka rabu da taba sai da su ka gwada sau da dama. Ya duba abin da ya kayar da shi, ya ci gaba daga inda ya tsaya a wannan rana, ba sai wata mai zuwa ba.

A nan ne nauyi ya hau kan sauran jama'a. Samarinmu da yawa mutum huɗu ko biyar ne a ɗaki guda, kuma ba yadda za a yi ɗaya ya daina alhali na kusa da shi yana busa masa ƙamshin mangwaro a fuska. Abokan ɗaki su yi masa uzuri in ya yi faɗa a kwanakin farko, su daina miƙa masa suna cewa ɗan taɓa sau ɗaya. Sarakunan Hausawa da shugabannin ƙungiyoyin kasuwa da na direbobi su sa wannan magana a cikin tarurrukansu, su kuma tsawata wa masu sayar wa yara. Magidanta kuma su sani ruwan nan guba ne ga ƙaramin yaro in ya sha shi, ga shi da ƙamshin alewa, saboda haka kada a bar shi inda hannun yaro zai kai.

Ga hukuma kuwa, Nijeriya tana da Dokar Taba ta Ƙasa ta 2015, da ƙa'idojinta na 2019, wadda ta hana sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba taba. Jihar Ikko ma tana da dokarta ta 2014 da ta hana shan taba a wuraren taruwar jama'a. Muna kira ga Majalisar Tarayya ta fayyace matsayin sigarin lantarki a cikin doka dalla-dalla, ta ƙayyade yawan nikotin da za a yarda da shi, ta kuma hana ƙamshin da ke jawo yara. Bugu da ƙari, tun 2009 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa cingam da filastar nikotin a cikin jerin magungunan da su ka zama wajibi. Ya kamata Ma'aikatar Lafiya ta ga cewa ana samunsu a ƙananan asibitoci da kuɗin da talaka zai iya biya, a kuma yi bayaninsu a rediyo da Hausa da sauran harsunan ƙasa.

Daga ƙarshe muna roƙon duk mai wannan ɗabi'a ya ɗauki takarda ya haɗa abin da ya ke kashewa a kanta a wata, ya ninka sau 12, sa'an nan ya tuna abin da ya raba shi da gida ya kawo shi Kurmi, da waɗanda ke jiran aikensa a ƙarshen wata. Kwana uku masu zafi da wata guda na daurewa ba su fi ƙarfin mutumin da ya iya barin garinsu ya zo neman halaliyarsa a bakin teku ba. Allah Ya ba mai niyya ikon cikawa.