Ɗan cin rani jari ne, a daina kiransa asara

A tarukan bita kan makomar kasuwancin karkara, waƙar ɗaya ce: a hana samari tafiya cin rani, a zaunar da su gida, a koya musu latsa waya. Wai tafiyar ce ke talauta ƙauyuka. Ban yarda ba, kuma Dogo-Dogo ce hujjata.

Garin yana Nijar, a gundumar Dungas, wadda aka cire daga Magarya a 2011, Jigawa na kudu da shi kaɗan. Naira da sefa a aljihu ɗaya suke kwana. Da an shigar da gero rumbu, majiya ƙarfi sai su nufi Kano, wasu har Legas.

Ku tuna farkon 2023, bayan da Babban Bankin Najeriya ya sauya fasalin naira, tsabar kuɗi ta yi ɓatan dabo. Mutum ya kora akuyarsa kasuwar Maigatari ranar Alhamis, mai saye ya ce masa, "Baba, transfa zan yi maka." Wanda ba shi da asusu, ko ya karyar ko ya koma da abarsa. Wanda ke da ƙane a Kano kuwa, lambar asusunsa kawai ya karanto, ciniki ya faɗa. Wace bita ce ta koya wa ƙanen nan? Zama cikin masu POS ne ya koya masa.

Watanni kaɗan bayan haka, juyin mulkin 26 ga Yuli a Nijar ya jawo takunkumin ƙungiyar CEDEAO, aka rufe iyaka. Nan ma ɗan kasuwar da ke da nasa a tsallake, mai faɗa masa farashin wake ta WhatsApp, ya fi kowa numfashi.

Cin rani akwai wahala, akwai wulaƙanci, akwai matan da ake bari da ɗawainiyar gida wata da watanni. Wannan yana ci mini rai. Amma maganinsa a biya sanin da yaran nan suka samo. Mai shago ya daina ɗaukar wanda ya dawo a matsayin yaron aike, ya yanka masa kaso cikin riba. Kamfanonin aika kuɗi irin su Nita da Al Izza, da na waya irin su Airtel da Moov, su nemi wakilansu cikin ƴan cin rani. Magajin gari kuma ya sauƙaƙa musu takardar haihuwa da katin ɗan ƙasa tun kafin kaka, don ba a buɗe asusu sai da su.