RA'AYI: Likitan da Bai Yi Barci Ba

Duk wanda rashin lafiya ta taɓa kai shi Asibitin Koyarwa na Idi-Araba a Ikko, ko kuwa na Badun, da tsakar dare, ya san wanda yake fara duba shi. Galibi ƙaramin likita ne, ko dai mai aikin gwaji na shekara guda bayan fitowa daga jami'a, ko kuma mai neman ƙwarewa, wanda zai shafe shekaru yana koyo a ƙarƙashin manya. A wuyan waɗannan samari da 'yan mata ne aikin asibiti ya rataya dare da rana, har wani yakan kwana a tsaye, gari ya waye kuma ya zarce da zagayen majinyata.

Jiki magayi ne. A shekarar 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana irin wannan gajiya a matsayin illar da aiki ke haifarwa, ta kuma kawo alamunta guda uku: ƙarewar kuzari, da fitar aikin daga ran mai yin sa, da raguwar ingancinsa. Likitan da ya kai wannan matsayi yana iya kuskuren awon magani, ko ya daka wa majinyaci tsawa ba da nufinsa ba.

Maganin da ake ta yayatawa yanzu shi ne a shirya wa ƙananan likitoci kwas na koyon juriya da kwantar da hankali: yadda za su tsara lokacinsu, su gane alamun gajiya da wuri, su kuma riƙa zama da 'yan'uwansu suna fayyace abin da ke damun su. Babu shakka wannan abu ne mai kyau, ya kamata kowane asibitin koyarwa ya fara shi. Amma fa kwas ba ya biyan bashin barci. Wani nazari da mujallar likitoci ta JAMA Internal Medicine ta buga a 2017 ya nuna cewa gyara tsarin aikin kansa ya fi rage gajiya bisa ga horar da likita shi kaɗai.

Wasu ƙasashe sai da aka yi asarar rai suka farga. A 1984 wata yarinya 'yar shekara 18 mai suna Libby Zion ta rasu a wani asibiti a birnin Niyok, a hannun ƙananan likitoci da aiki ya yi wa yawa. Sanadiyyar haka jihar ta ƙayyade musu sa'o'i 80 a mako a 1989, aka kuma bazu da dokar ko'ina cikin Amurka a 2003. A Ingila kuwa, a 2009 aka mai da shi sa'o'i 48. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

A nan gida, an sa hannu a kan dokar horar da likitoci masu neman ƙwarewa a 2018, amma a 2021 sai da ƙungiyarsu ta yi yajin aiki na kimanin wata biyu a kan haƙƙoƙin da ba a biya ba. Duk likitan da ya tattara ya tafi Ingila ko Saudiyya kuwa, aikinsa kan waɗanda suka rage yake komawa. Saboda haka wajibi ne Gwamnatin Tarayya da na jihohi su ƙayyade sa'o'in aiki, su cike guraben waɗanda suka tafi, su biya albashi a kan kari, sannan kwas ɗin ya biyo baya.

Jama'ar Arewa mazauna Agege da Obalende da Sabon Badun su ma suna da nasu aikin. A kai marar lafiya asibiti tun ciwo bai ci ƙarfinsa ba, kada a bari sai dare ya raba. Wanda ba ya jin Turanci ko Yarbanci ya tafi da mai yi masa tafinta, domin a sauƙaƙa wa likita. In an ga ya ɗaure fuska, a yi haƙuri, wataƙila tun jiya bai runtsa ba. Sarakunan Hausawa na waɗannan unguwanni kuma su riƙa tunatar da hukuma, gama ran talaka yana hannun wannan likita.